Daga Tokyo zuwa Birnin Meksiko: Yadda Dillalin Riɗi da Zoɓo Zai Tsara Tsallake Tekun Fasifik

Riɗin da ake aunawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da wanda ake tarowa daga Gumel, Taura da Malam Madori a kai Dawanau, da yawansa a Japan da ƙasar Sin yake ƙarewa. Zoɓo kuwa babbar kasuwarsa Meksiko ce, inda ake jiƙa shi a sha da sanyi kamar yadda muke yi a gida. Dillalin da ya gaji da sayarwa ta hannun 'yan tsakiya, yake son ya zauna ido da ido da masu sayen kayansa, zai iya haɗa ƙasashen biyu a fita ɗaya: daga Kano zuwa Tokyo, daga Tokyo ya tsallaka tekun Fasifik zuwa birnin Meksiko, sannan ya dawo gida. Tsallaken tekun kaɗai ya haura kilomita 11,000, kuma a shirinsa ne aka fi yin asarar kuɗi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar ejan nawa ne tikiti. Ga mai koren fasfon Najeriya, biza ce ke zaɓa masa hanya, farashi daga baya yake zuwa.

Hanyar da fasfonka zai iya bi

In ka duba intanet, tikiti mafi araha daga Tokyo zuwa Meksiko kusan kullum yana yada zango a Los Angeles, Dallas, Houston ko San Francisco. Kada ka taɓa shi in ba ka da bizar Amurka a fasfonka. Filayen jirgin Amurka ba su da ɓangaren da fasinjan wucewa zai zauna ba tare da ya shiga ƙasar ba. Duk wanda ya sauka, ko da awa ɗaya zai yi ya canja jirgi, sai ya bi layin jami'an shige da fice. Tun a Tokyo ma'aikatan kamfanin jirgin za su duba fasfonka su hana ka hawa, kuma ba za a mayar maka da kuɗinka ba, domin a wurinsu laifinka ne. Sharuɗɗan bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun ƙara tsauri tun 2025, don haka ba abin da za a gina tafiya a kansa ba ne. Hanyar Vancouver ma haka take, Kanada tana neman bizar wucewa.

Abin da ya rage shi ne jirgin da ba ya sauka ko'ina. Kamfanin ANA na Japan yana tashi daga filin Narita kai tsaye zuwa birnin Meksiko tun 2017, Aeromexico ma yana bin wannan hanya. Jirgin yakan ratsa sararin samaniyar Amurka, amma wucewa ta sama ba ta buƙatar biza. Wanda kasuwancinsa ya fi karkata Sin yana da zaɓi na biyu: China Southern ya buɗe hanyar Shenzhen zuwa birnin Meksiko a 2024, tafiyar kusan awa 16, a dawowa kuma yana tsayawa a Tijuana, wadda ita ma cikin Meksiko take. Wannan jagora ta tsaya kan hanyar Tokyo.

Akwai wata dama da take ruɗin mutane. Meksiko tana yafe bizarta ga wanda yake riƙe da biza mai rai ta Japan, Amurka, Kanada, Birtaniya ko ƙasashen Turai na yarjejeniyar Shengen. Sai mutum ya ce ai na samu ta Japan, shi ke nan. To, bizar da Japan ta fi bai wa mai zuwa karon farko ta shiga ɗaya ce. Ranar da aka buga maka hatimi a Narita an cinye ta, lokacin da za ka hau jirgin Meksiko ba ta da sauran rai. Sai mai bizar shiga da yawa ne zai dogara da wannan rangwame, shi ma ya nemi ofishin jakadancin Meksiko ya tabbatar masa a rubuce, ya buga takardar ya riƙe. Shawararmu ga mai fita karon farko: ka nemi bizar Meksiko da kanta. Dukkan ofisoshin jakadancin biyu suna Abuja, tafiya ɗaya za ta iya ɗaukar duka in ka daidaita ranakun ganawa.

Jeren takardu

Ka ba wa kanka wata uku aƙalla, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin kowace takarda a kan ta baya take tsayawa.

Fasfo ne farko. Ya kasance da sauran wata shida ko fiye daga ranar da za ka dawo gida, ba daga ranar fita ba, da shafuka huɗu zuwa shida da babu komai a kansu. Hukumar shige da fice tana da ofishin fasfo a Kano da Dutse, kuma ba za ta yi maka ba sai bayanan lambar NIN ɗinka sun yi daidai da abin da ka cike. A nan mutanen karkara suka fi shan wahala: a NIN an rubuta Muhammad, a asusun banki Mohammed, a takardar kamfani an ƙara sunan gari a ƙarshe. Ka gyara wannan tun kafin ka nemi biza, domin jami'in jakadanci zai jera takardun a gabansa ya kwatanta.

Na biyu katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad. Jami'an lafiya na filin jirgi ne ke bayar da shi bayan an biya ta intanet an yi allurar. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Kada ka karɓi katin da aka sayar maka ba tare da allura ba, ana duba lambarsa a kwamfuta.

Na uku takardun gayyata. Kamfanin Japan da za ka ziyarta shi zai aiko da wasiƙar gayyata da jadawalin kwanakin da za ka yi. Na Meksiko ma ya aiko da tasa a kan takardar kamfani, da lambar wayar mutumin da zai ɗauka in an kira. Ka haɗa da shaidar rajistar kamfaninka, shaidar rajistar fitar da kaya waje, da bayanan asusun banki na watannin baya. Kuɗin da aka ranto aka zuba a asusu mako ɗaya kafin ganawa ana gane shi, kuma yana jawo ƙin biza. Asusun da ciniki ke shiga yana fita a hankali ya fi gamsarwa ko da bai cika sosai ba.

Bizar Japan ta shiga ɗaya wata uku take da rai daga ranar da aka buga ta. In ka yi gaggawar karɓarta, ta Meksiko kuma ta yi jinkiri, za ta iya mutuwa a hannunka. Ka fara da wadda ranar ganawarta ta fi nisa. Kafin bizojin su fito, ajiyar kujera kawai za ka sa ejan ya yi maka, kada a yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa.

Yankan tikiti

Daga filin Malam Aminu Kano, kamfanonin da suka saba kai fasinja gabas su ne Ethiopian ta Addis Ababa, Qatar Airways ta Doha da EgyptAir ta Alkahira. Jadawalinsu yana canjawa, ba kowace rana kowanne ke tashi daga Kano ba, wani lokaci sai ta Abuja. Jirgin Ethiopian na zuwa Narita yana tsayawa a Seoul kafin ya ƙarasa. Ko ta ina ka bi, ka ƙiyasta kwana ɗaya cur, wani lokaci da ɗoriya, kafin ka taka Japan.

Tokyo tana da filaye biyu. Narita, mai alamar NRT a tikiti, yana da nisan kimanin kilomita 60 daga tsakiyar gari. Haneda, mai alamar HND, yana kusa da gari. Jirgin Meksiko daga Narita yake tashi. In za ka kwana biyu a Tokyo kana ganawa, ba komai ka sauka a ɗaya ka tashi a ɗaya. Amma in wucewa kawai za ka yi, musamman a dawowa lokacin da bizarka ta riga ta mutu, tilas jiragen biyu su kasance a fili ɗaya kuma a rana ɗaya. Canja fili ko kwana yana nufin shiga ƙasa, shiga ƙasa kuma sai da biza. Birnin Meksiko ma filaye biyu gare shi: tsohon mai alamar MEX a cikin gari, da sabon Felipe Angeles mai alamar NLU da aka buɗe a 2022 can wajen gari. Jiragen Tokyo a MEX suke sauka.

Ka nace wa ejan ya haɗa dukkan zangon tafiyar a lambar ajiya ɗaya in zai yiwu. Ethiopian, EgyptAir, Turkish da ANA duk 'yan ƙawance ɗaya ne mai suna Star Alliance, shi ya sa haɗa su ya fi sauƙi. Amfanin tikiti ɗaya shi ne in jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kamfanin ne zai nemo maka wani. In tikiti biyu ne daban, asarar taka ce kai kaɗai. Sai dai tikiti ɗaya yana da nasa tarkon: in ka ƙi hawa zango ɗaya ba ka sanar ba, kwamfuta za ta soke duk sauran zangon har da na dawowa gida.

Tsakanin jirgi da jirgi kada ka yarda da ƙasa da awa uku. Ejan zai ce minti 90 ya isa bisa ƙa'ida, gaskiya ne ga wanda ya san filin kuma yake jin harshen sanarwa. Ga baƙo mai neman ƙofa yana tambaya, ga alwala da salla, awa uku ma ba ta yi yawa ba.

Sai maganar dawowa, wadda ta cancanci a zauna a kanta. Daga Meksiko ba dole ka sake tsallaka Fasifik ba, gida ya fi kusa ta gabas. Turkish yana tashi daga birnin Meksiko ya tsaya Cancun ya wuce Istanbul, daga can akwai jirgi zuwa Abuja da Legas, kuma wanda bai fita daga filin Istanbul ba ba ya buƙatar biza. Hanyoyin Madrid, Paris, Frankfurt da Amsterdam kuwa suna buƙatar ɗan Najeriya ya riƙe bizar wucewa ta filin jirgi, sai in yana cikin waɗanda aka yafe wa. Jirgin Emirates daga Meksiko zuwa Dubai yana tsayawa a Barcelona, don haka shi ma ka tambaya kafin ka biya.

Kafin ka bar gaban ejan, ka ɗora tikitin kusa da fasfo ka karanta sunanka harafi bayan harafi. Ka karɓi lambar ajiya mai haruffa shida, ka shigar da ita a shafin kamfanin jirgin da wayarka, ka ga an nuna an biya an fitar da lambar tikiti mai lambobi 13. Ajiyar da ba a biya ba tana kama da tikiti a takarda, bayan kwana biyu sai ta ɓace. Ka yi hulɗa da ejan mai ofishi da rajista, ka biya ta banki don ya zama akwai shaida.

Game da lokaci: hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana hana jirage sauka a Kano, wani lokaci kwana biyu a jere. Japan tana fama da guguwar teku musamman daga Agusta zuwa Oktoba. Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, tsakiyar Agusta da makon sabuwar shekara hutu ne a Japan, ofisoshi a rufe, tikiti da otal da tsada. Meksiko ma tana tsayawa a makon Ista. Watan Maris yana da kyau ga ɗan kasuwar amfanin gona: an gama kakar riɗi da zoɓo, kaya na cikin sito, kuma a watan ne ake baje kolin abinci na Foodex a Tokyo.

Agogo da kwanan wata

Tokyo tana gaban Kano da awa 8. Birnin Meksiko yana bayan Kano da awa 7. Tsakaninsu ke nan awa 15. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abin zai faru ne, tashi da agogon garin tashi, sauka da agogon garin sauka.

Ga misali. Jirgi ya tashi daga Narita ranar Litinin da ƙarfe 4:30 na yamma, ya yi awa 12 da rabi a sama. A agogon Tokyo ƙarfe 5:00 na asubahin Talata ne. Ka cire awa 15, sai ka ga ka sauka a Meksiko ranar Litinin da ƙarfe 2:00 na rana, wato kafin lokacin da ka tashi. Dalili shi ne jirgin ya ƙetare layin canjin kwanan wata da ke tsakiyar tekun. Wanda bai gane wannan ba sai ya kama otal daga Talata, ya gaya wa mai tarbarsa Talata, ya sauka Litinin ba kowa.

In ta Tokyo za ka dawo, lissafin juyewa yake. Tafiyar ta fi tsawo, kusan awa 14 da rabi, saboda iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama: a zuwa tana tura jirgin, a dawowa tana tare shi. Jiragen dawowa sukan tashi bayan tsakar dare. In tikiti ya ce Talata ƙarfe 1:00 na dare, ranar Litinin bayan Isha za ka tafi filin jirgi. Mutane da yawa sun rasa jirgi a kan wannan, sun zo Talata da dare jirgi ya yi kwana ɗaya da tafiya. Za ka sauka Tokyo Laraba da sassafe, yinin Talata bai same ka ba sam.

A taswirar da ke gaban kujerarka za ka ga jirgin ya yi arewa ya bi ta kusa da Alaska maimakon ya miƙe. Ba ɓata ya yi ba. Duniya a dunƙule take, wannan lanƙwasar ita ce gajeriyar hanya.

Salla da abinci

Ka zauna da malaminka kafin tafiya a kan kasaru da haɗa salloli, ka kai masa ainihin lokutan tikitin. Abin da ake bi shi ne rana da ido ke gani a inda kake, ba kalanda ba. A misalin sama, za ka yi Azahar da La'asar a Narita, akwai ɗakunan salla a filin. Rana za ta faɗi jim kaɗan bayan tashi. Daren gajere ne, awa biyar zuwa shida, a watannin Yuni da Yuli ma bai kai haka ba, don haka Asuba tana riskar mutum yana tsakiyar barci, tagogi kuma a rufe. Ka sa ƙararrawar waya bayan awa biyar da tashi, ka duba waje. Bayan ka sauka sai ka sake yin Azahar da La'asar na Litinin ɗin nan dai. A dawowa kuwa jirgin bin dare yake, kusan duk tafiyar duhu ce.

Alƙibla ma tana canjawa. A gida gabas muke fuskanta. A Tokyo yamma ce da ɗan karkata arewa, a birnin Meksiko arewa maso gabas. Ka hau jirgi da alwala. In ta karye, ka yi amfani da ruwa kaɗan a banɗaki, kada ka jiƙa ƙasa, domin santsi haɗari ne ga wanda zai shigo bayanka. Ƙaramin dutsen taimama a jakar hannu yana da amfani. In babu halin tsayuwa, ko fitilar ɗaura bel tana kunne, ka yi a zaune.

Abincin Qatar Airways da EgyptAir na halal ne. A ANA da Aeromexico sai ka nema tun da wuri, alamarsa MOML, kuma a shigar da shi aƙalla kwana biyu kafin tashi. Ba a kowane zango ake samunsa ba, in babu ka zaɓi na ganyayyaki zalla. Girkin Japan yana yawan amfani da naman alade da wata giyar shinkafa ta girki, na Meksiko kuma da kitsen alade har a cikin wake. Ka riƙe biskit da makamantansa na kanti a rufe, don tsaron yunwa.

Abin da ke shiga akwati

Yawancin tikitin wannan hanya suna ba da akwati biyu, kowanne kilo 23, amma mafi arahar tikiti na iya ba da ɗaya, ka karanta na kowane zango daban. Ba a haɗa nauyin: akwati mai kilo 30 da mai kilo 16 zai jawo tara. Jakar hannu kilo 7 ce a Ethiopian da Qatar Airways, ANA yana barin 10, ka shirya bisa ƙaramin. Ka auna a sikelin sito kafin ka baro gida. Ruwa, turare da man shafawa a jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100. Fawa bank ba ya shiga babban akwati, a hannu yake tafiya, kuma kada ya wuce mAh 27,000. Jiragen Japan ba sa son a sa shi a ma'ajiyar sama, a gabanka za ka ajiye.

Kilishi, dambun nama da duk wani abu mai nama su tsaya a gida. Japan ta hana shigar da su, akwai karnuka masu shinshina a wurin ɗaukar kaya, kuma tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara uku. Ɗanyen goro ma tsiro ne a wurinsu, bai kai a sha wahala a kansa ba.

Samfurin riɗi da zoɓo shi ne dalilin tafiyar, kuma shi ne ya fi saurin jawo matsala. Japan tana neman takardar shaidar lafiyar tsirrai ko da a jakar matafiyi ne, ita ma Meksiko tana da jami'an duba amfanin gona a filin jirgi. Meksiko ta taɓa dakatar da shigar zoɓon Najeriya na wasu shekaru saboda ƙwaron sito, don haka idonsu a buɗe yake a kan duk abin da ya fito daga nan. Takardar a wurin hukumar killace amfanin gona ta ƙasa, NAQS, ake karɓarta, kuma kowace ƙasa da tata takardar. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka aika samfurin ta kamfanin aika saƙo mako biyu zuwa uku kafin tafiyarka, mai sayen ya karɓa da izininsa na shigo da kaya. In dole ka riƙe, ya zama kaɗan, gram 200 zuwa 500, an tankaɗe shi tas, a leda mai haske da aka liƙe aka rubuta suna, kuma ka bayyana shi da kanka a fom ɗin kwastam. Wanda ya bayyana aka ƙwace, samfur kawai ya rasa. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce da baƙin suna.

Magani ya kasance a kwalinsa na asali da takardar likita, kada ya wuce na wata ɗaya. Duk mai ɗauke da kodin ko tiramadol ka bar shi, ƙasashen da za ka ratsa suna ɗaure mutane a kansu. Garin maganin gargajiya a ƙullin leda ba suna, jami'in da bai san shi ba zai ɗauke shi ƙwaya har sai an gwada, kai kuma kana tsare. Kada ka karɓi saƙon kowa a rufe, ko na ɗan uwa, sai ka buɗe ka gani.

Kuɗin hannu da ya haura dala 10,000 ana bayyana shi a Najeriya da Meksiko, a Japan kuma abin da ya haura yen miliyan 1. Ka nemi sababbin takardun dala marasa yagewa. Ka tambayi bankinka iyakar katinka a waje, ka kuma buɗe wa layinka damar aiki a ƙetare, in ba haka ba lambar sirrin da banki ke turowa ba za ta iso ka ba. Soket ɗin Japan da Meksiko iri ɗaya ne, mai siraran ƙafa biyu, adafta ɗaya ta isa. Wutarsu ba ta kai tamu ƙarfi ba, bolt 100 a Japan da 127 a Meksiko, cajar waya za ta yi aiki amma hita da dutsen guga na gida ba za su yi ba.

Jiki

Zaman awa 12 wuri ɗaya yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ka zaɓi kujerar bakin hanya, ka tashi ka taka duk bayan awa biyu, ka riƙa motsa idon sawu, ka sha ruwa kofi ɗaya duk awa domin iskar jirgi a bushe take ƙwarai. Mai ƙiba, dattijo, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan su tambayi likita game da safar matse ƙafa. In bayan sauka ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa nan take.

Birnin Meksiko yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,240, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Kwana biyun farko za ka ji haki a matakala da ɗan ciwon kai. Ga mai sikila, mai ciwon zuciya ko asma wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada ya yanki tikiti sai likitansa ya amince. Mai allurar ciwon suga ya kai wa likita jadawalin jiragen a tsara masa lokutan allura. Ka sayi inshorar lafiya ta tafiya da ta ambaci ƙasashen biyu. In zazzaɓi ya kama ka a can, abu na farko da za ka faɗa wa likita shi ne daga Najeriya kake, a gwada maleriya, domin ba ita za su fara zato ba.

Barci zai rikice sau biyu, a Tokyo da a Meksiko. Kada ka sa ganawar ciniki a ranar sauka ko washegari da safe. Ka fita cikin rana, ka daure har bayan Isha kafin ka kwanta.

Ranar fita da ranar sauka

Daga Maigatari, Gumel ko Haɗeja, tafiyar awa biyu zuwa uku ce zuwa Kano in hanya ta yi kyau. Kada ka taso ranar jirgi. Ka kwana a Kano, ka isa fili awa huɗu kafin tashi. Ka bar kwafin fasfo, biza da tikiti a wurin wanda zai riƙe maka gida, ka rubuta masa bambancin lokaci a takarda: ƙarfe 8:00 na dare a Tokyo 12:00 na rana ne a gida, ƙarfe 7:00 na safe a Meksiko 2:00 na rana ne a gida. A wurin awon kaya ka karanta alamar da aka liƙa wa akwatinka ka ga NRT ko HND, ka adana ɗan guntun rasit ɗin. Kayan sawa na kwana biyu, magani, caja da takardu duk a jakar hannu.

Japan tana da shafin Visit Japan Web da ake cike bayanan shiga da na kwastam tun kafin sauka. Ka ɗauki hoton alamar da zai ba ka, don intanet na iya ƙi a lokacin. A Meksiko biza ba ta tabbatar da shiga, jami'in da ke kan tebur ne mai hukunci. Zai tambayi inda za ka sauka, wanda ya gayyace ka da ranar fitarka, kuma yakan kira lambar da ke kan wasiƙar. Ka riƙe komai a buge a takarda, ka sanar da mai gayyatarka lokacin saukarka ya bar wayarsa a kunne. Ka duba adadin kwanakin da aka rubuta maka kafin ka bar teburin, domin ba kowa ake ba wa kwana 180, wato iyakar abin da ake bai wa baƙo, ba. Tasi kuma ka biya a kantar da aka amince da ita a cikin filin, kada ka bi mai kiranka a bakin ƙofa. Ruwan famfo a Meksiko ba na sha ba ne, ka sayi na gora.

In akwati bai fito ba, kada ka fita daga zauren ɗaukar kaya sai ka je teburin kamfanin jirgin an rubuta rahoto an ba ka lamba, ka bar musu adireshin otal. Akwatin da ya fashe ana kai ƙorafinsa a rubuce cikin kwana 7 da karɓarsa, wanda ya makara kuma cikin kwana 21 daga ranar da aka kawo shi. Ka ajiye rasit ɗin duk abin da ka saya na larura a kwanakin jira, da shi za ka nemi a biya ka.